Tafkunanmu na buƙatar uwar kifi fiye da kasuwa

Garin Gure ba shi da kogi, balle teku. Amma ana cin kifi: banda na zuwa daga Diffa da Tafkin Chadi, na ƙanƙara kuma a kwali daga bakin teku, masu bin hanyar Damagaram kuwa sun san tafkin Gidimuni da masuntansa. Don haka tsarin nan na "kama ka saki" da ake yi a ƙasashen waje ya shafi Gure.

Matasanmu da ke Turai da Amurka sun saba gani: mutum ya wuni da fatsa, ya kamo ƙaton kifi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. A jihar Florida ta Amurka, tun 2013 doka ta ce kifin tarpon sai dai a kama a saki. Ga wanda ya baro gida ana auna hatsi da tiya, wannan wasan 'yan ƙoshi ne. Da gaskiyarsa, masuncin da ke ciyar da iyali ba zai saki abincin dare ba.

Sai dai dokar tana da dalili. Akwai kifin teku mai suna orange roughy da ke haura shekara 100 a raye, ba ya fara ƙwai sai ya wuce shekara 20. Jiragen su na New Zealand da Ostireliya sun kwashe shi kafin a gane haka. A Kanada, an rufe kamun kifin cod a 1992, dubban mutane suka rasa sana'a lokaci guda.

Namu misalin shi ne giwan ruwa. Manyan cikinsu galibi mata ne, kuma babbar uwa ɗaya na zuba ƙwai fiye da ƙanana da yawa. Ita ce kuma kowa ke farauta, domin ita ke da kuɗi. A Argungu ma, wanda ya fito da mafi girma shi ke cin gasa, kamar mai kilo 78 na bikin 2020, duk da cewa Kabawa na hana su a Matan Fada har ranar biki, abin da ya cancanci yabo. Daga ƙasa kuma, masu jan gidan sauro a ruwa na kwashe 'ya'yan tun ba su kai tsawon yatsa ba.

Kenya da Uganda da Tanzaniya sun taɓa sanya ma'auni a Tafkin Victoria: giwan ruwan da bai kai santimita 50 ba, ko ya wuce 85, ba na kamawa ba ne. Irin wannan ne ya dace da mu, ga giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa, kowanne da awonsa. A ci na tsakiya, a bar uwa da 'ya'ya.

Jami'an ruwa da gandun daji ba za su iya tsare kowane tafki ba, kuma tara kaɗai cin hanci take haifarwa. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta ne ya kamata su tsayar da awon, su ware watannin hutu, hukuma ta tallafa wa masunta da raga mai manyan idanu. Dillalai da mata masu suya a tashar Gure su ma suna da ta cewa: ranar da suka daina sayen 'yan mitsi-mitsin kifi a kwano, mai gidan sauro zai rasa wanda zai sayar wa.