A Maradi sunanmu ‘Mushe’

 Da yawanku kun san daga Maradi ta Jamhuriyar Nijar muke aiko muku da wannan rubutu, inda muke karatun digiri, kuma an sha tambayarmu yadda ɗalibi ke riƙe kansa a ƙasar da ba tasa ba. To, yau za mu fasa muku ƙwai. Mu uku da muke ɗaki ɗaya, Turanci muke sayarwa mu biya kuɗin haya.

Ba sha’awa ce ta sa mu ba, dole ce. Daga Katsina zuwa Maradi, in ka bi ta Jibiya ka ƙetare iyaka, tafiyar ’yan sa’o’i ce, kuma Hausa ake yi ko’ina, har ka manta ka bar gida. Wurin ɗan canji ne kake tunawa. A watan Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta sakar wa Naira mara kasuwa ta yi mata farashi, sai ta yi ta faɗuwa. Ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, kusan sefa 656 ne Yuro ɗaya, ba ta motsi. Iyayenmu ba su rage abin da suke turowa ba, amma in an canza sai ka ga kamar ɓera ya shiga aljihun. Mai gidan hayarmu kuma sefa ya sani. Da ya zo karo na biyu ya tsaya a bakin ƙofa bai ce komai ba, muka zauna a daren muka tambayi juna abin da muka mallaka wanda mutanen garin za su iya saya. Ba mu da jari, ba mu iya ɗinki ko gyaran waya ba. Abin da muka samu shi ne shekara goma sha biyu da muka yi ana koya mana komai da Turanci.

Sai muka samo falanki muka rubuta ‘Ana koyar da Turanci a nan’, muka jingine a ƙofar gida. Kwana biyu tsakani wani bawan Allah ya kawo mana yara uku ’yan firamare da littattafansu. Muka buɗe, ba kalma ɗaya da muka gane. Ashe a Nijar in ka ce Turanci, mutane da yawa Faransanci suke ji, domin shi ne harshen Turawan da suka mulke su. Namu sai ka ce Ingilishi. Muka ba shi haƙuri, muka goge allo muka gyara. A makon ne kuma wani yaro ya yi sallama ya ce, “Ina Mushe?” Ɗaya daga cikinmu har ya miƙe zai yi faɗa, don a garinsu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Nan kuwa malamin boko ake kira haka, daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. Yanzu in aka kira, har rige-rigen amsawa muke yi.

Ciniki ma sai da muka koya. A nan da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, jika ɗaya kuma sefa dubu. Ranar da wani uba ya ce zai riƙa ba mu jika biyar a wata kan ’yarsa, mun yi shiru muna lissafi da jakar da muka ji a bakin kakanninmu, wato Naira 200. Sai da maƙwabcinmu ya ja mu gefe ya ce mu karɓa kafin mutumin ya sake shawara.

Wannan yarinyar ce ta fi kowa ba mu wahala, kuma saboda ita muka ɗauko zancen. Tana aji na huɗu a kwaleji, ajin da ake rubuta jarrabawar BEPC, kusan daidai da JSS 3 a wurinmu. A tsarinsu sai an shiga kwaleji ake fara Ingilishi, kuma darasi ɗaya ne cikin darussa, sauran duk da Faransanci ake yi. Maki a kan 20 ake ba su, wanda ya samu 10 ya tsallake. Ita tana yawo tsakanin 7 da 8. Mahaifinta ɗan tireda ne, ba mai hali ba, kuma ya faɗa mana ƙarara cewa in ba ta ci jarrabawar ba, ba shi da kuɗin maimaita mata aji.

Mun ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda mu da Turanci muka rubuta WAEC. A zama na uku ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, don me aka ce ‘for two years’, ba a ce ‘since two years’ ba?” Muka kalli juna. Mun san na farkon ne daidai, kunnenmu ya faɗa mana, amma dalilin ya gagara. Muka ce mata haka dai ake faɗa. Ta ce, cikin ladabi, mushen makarantarsu yakan ba su ƙa’ida su rubuta. Wallahi mun ji kunya. Yaran nan ba su iya hira da Ingilishi ba, amma sun haddace dogon jerin kalmomin aikatau masu sauya siffa, irin su go, went, gone, fiye da yadda muka taɓa yi. Mu muna da baki, su suna son dalili, kuma dalilin ne ubanninsu ke biya.

A hutun da ya biyo baya kowannenmu ya tono tsohon littafin nahawunsa na SS 2 daga ƙasan akwati, wanda a da muke matashin kai da shi a aji. A nan muka gano inda gizo ke saƙar. Faransanci kalma ɗaya yake amfani da ita, depuis, a wuraren biyu, shi ya sa yaran ke cakuɗa su. Hausa kuwa ta raba su tun fil azal. Muna cewa “tun ranar Litinin”, muna cewa “tsawon kwana uku”. Ba Bahaushen da zai ce “tsawon ranar Litinin nake jiran ka” yana nufin tun ranar. Da muka koma muka ce mata since shi ne tun, for shi ne tsawon, ta yi shiru, sannan ta ce, “Shi ke nan?” Shi ke nan. Daga ranar ba ta sake kuskure a kansu ba.

Tun daga nan muka daina kwaikwayon malamanmu na sakandare masu cin tarar wanda ya yi Hausa a aji. Mu da yaran ba mu haɗu a Faransanci ba, ba mu haɗu a Ingilishi ba, a Hausa muka haɗu, don haka da ita muke bayani. Mun kuma koyi gane kurakuran da Faransanci ke jawo musu. Za su ce ‘I have fifteen years’ domin a Faransanci mutum mallakar shekarunsa yake yi. In suna karatu sai su haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, books ta koma book, domin haka aka koya musu karatu tun suna ƙanana. Wanda bai san tushen kuskure ba sai ya yi ta tsawa a banza.

Mu ma namu kuskuren ya fito, kuma ya fi nasu tsada. Wata rana yarinyar ta zo da takardar gwajin aji, an zagaye wata jimla da jan biro. Ta rubuta ‘off the light’, kuma a bakinmu ta ji, kullum in za a tashi. A Najeriya kowa haka yake faɗa, amma a littafi sai an ce ‘switch off’ ko ‘turn off’. Ta rasa maki saboda mu. Mahaifinta ya zo da takardar a hannu, bai ɗaga murya ba, ya ce, “’Ya’yana, kuɗin nan da gumi nake samo shi.” Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi. Muka amsa laifinmu, muka ce ya bar kuɗin wannan watan. Yanzu muna da shafi guda a bayan littafinmu inda muke tara irin Turancin da muka tashi da shi wanda jarrabawa ba ta karɓa, kuma shafin ya cika mun shiga na biyu. Ku ma da za ku fara naku tun yanzu, da kun ga abin mamaki.

Akwai kuma ’yan kasuwa, manya da su, masu zuwa Dubai da China saro kaya. Su ba ruwansu da ƙa’ida. Lambobi suke so, da yadda ake taya kaya, da abin da za su faɗa a filin jirgi da otal. Sun fi biya, amma ba su da tabbas, Alhaji zai zo sau uku sannan ka ji ya yi tafiya. Wani ma ya tafi da bashin wata biyu, kuma ba yadda za mu yi, domin baƙo ba ya kai ɗan gari ƙara a kan jika goma. Tun daga shi muka sayi littafin lissafi, muka ce rabin kuɗi a farkon wata. Mun sha wuya kafin bakinmu ya saba faɗa wa sa’an mahaifinmu haka.

Kada ku ɗauka mun yi arziki. Daga Yuli zuwa Satumba makarantu na hutu, ɗalibai su watse, haya kuwa ba ta hutu. Lokacin zafi in aka ɗauke wuta, wadda a nan suke kira kuran, a tsakar gida muke darasi da fitilar waya. Akwai zangon da makinmu na jami’a ya sauka saboda mun ɗauki ɗalibai fiye da ƙarfinmu, sai da muka sallami rabi muka bar darasi kwana uku kawai a mako. Takardun zama kuma ba ma wasa da su, musamman tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Katin makaranta da sauran takardunmu kullum suna jiki.

Masu neman darasi dai ƙaruwa suke yi a wurinmu. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun fitar da sabon kundin da ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun daga lokacin iyaye kan kawo mana zancen da kansu in sun zo sa yara.

Ita kuwa yarinyar, a gwajin da ya wuce ta samu 12 a kan 20. Ta shigo da gudu da takardar, ta manta ko sallama ba ta yi ba. Babbar jarrabawar tana nan tafe, kuma har yanzu rubutun insha’i yana ba ta wuya, in ta rasa kalma sai ta jefa ta Faransanci ta wuce. Mun ƙara mata ranar Asabar ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mahaifinta ya ce bai yarda ba, sai ya aiko mana da kwalin taliya daga tiredarsa. Ku sa ta a addu’a, in sakamako ya fito za ku ji a wannan fili, in Allah Ya yarda.