Ƙusa Ba Ta Mayar da Kambas Takalmin Kurket

Duk shekara, idan sanyi ya fara sassautawa a Ingila kuma kakar kurket ta watan Afrilu ta ƙarato, akwai wata ƙaramar sana'a da takan farfaɗo. 'Yan wasan ƙananan kulob-kulob na ƙauyuka da na unguwannin birane irin su Birmingham da Bradford sukan naɗe kambas ɗinsu na gudu su aika wa masu gyaran takalma. Can za a kankare robar da ke ƙasan takalmin, a manna wani faranti mai ramukan ƙarfe, a ɗaura ƙusoshi, a mayar wa mai shi. Haka ake yi a Ostireliya da Afirka ta Kudu. Mai takalmin yakan karɓi kayansa yana murna ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga laushin takalmin gudu, ga riƙon ƙasa na takalmin kurket. Wannan murna ta rashin sani ce. Ga mafi yawan masu wasa, musamman matasa masu jifa da ƙarfi, dabarar kuskure ce mai tsada, kuma jiki ne ke biyan kuɗinta.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ƙafar mai jifa ke yi. Ana buga kurket da ƙwallo mai tauri, na ɓawon itace da aka naɗe da zare aka lulluɓe da fata, nauyinsa tsakanin giram 156 zuwa 163 a wasan maza. Mai jifa yakan sheƙo da gudu daga nesa, ya yi tsalle, ya jefa ƙwallon zuwa ga mai bugu da ke tsaye a ɗaya ƙarshen wani tsirin fili mai tsawon yadi 22, wato kimanin mita 20. Doka ta hana shi miƙe gwiwar hannu lokacin jifa fiye da digiri 15, saboda haka ba zai iya wurgawa kamar mai jifan mangwaro ba. Ƙarfin jifan daga gudun da ya taho da shi yake fitowa. Yana sauka a kan ƙafar baya, sai ya doka ƙafar gaba a ƙasa ya ƙage ta kamar turke, ƙasan jikinsa ya tsaya cak, samansa ya wuce gaba da sauri, hannu ya biyo baya kamar majaujawa. Da haka ne Shoaib Akhtar na Pakistan ya kai gudun kilomita 161.3 cikin sa'a a gasar cin kofin duniya ta 2003.

Masu nazarin motsin jiki da suka auna wannan sauka sun sami cewa nauyin da ke dira a kan ƙafar gaba yakan kai ninki biyar zuwa takwas na nauyin mai jifan. Mai gudun motsa jiki kuwa ninki biyu zuwa uku yake ɗora wa ƙafarsa a kowane taku. Ke nan saurayi mai kilo 70 yana sauke abin da ya haura kilo 350 a kan ƙafa ɗaya, sau shida a kowane zagayen jifa, sau sittin idan ya yi zagaye goma a yini. Bayan wannan nauyi da ke danna ƙasa, akwai na burki da ke tura ƙafar gaba, akwai kuma murɗawar ƙugu da ke juya ta gefe.

To, mene ne aka ƙera kambas na gudu dominsa? An ƙera shi ne don tafiya gaba a miƙe, taku bayan taku, ƙafa na mirginawa daga dunduniya zuwa yatsu ba tare da tsayawa ba. Shi ya sa ake cika tsakiyarsa da soso mai laushi, a yi samansa da raga marar nauyi don iska ta shiga. A 'yan shekarun nan ma sosan ya ƙara tudu. Tun da Nike ta fito da Vaporfly a 2017 kamfanoni suka shiga tseren kauri, har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade milimita 40 ga takalman tseren titi a 2020. Duk abin da ya sa wannan takalmi ya yi daɗin gudu shi ne ya sa bai dace da burki ba. Soso mai tudu yana ɗaga idon sawu daga ƙasa, yana kuma lotsawa ta gefe ɗaya idan nauyi ya zo a karkace. Raga ba ta iya tsare ƙafar da ke son zamewa.

A nan ne ƙusa ke shigowa ta ƙara dagula lamari. Kambas da ba shi da ƙusa yakan ɗan zame a kan ciyawa, kuma zamewar, duk da haɗarinta, tana rage wa gaɓoɓi wani kaso na ƙarfin. Da zarar an dasa ƙusoshi, tafin takalmin yana kafewa a ƙasa nan take, ita kuwa ƙafar da ke ciki tana ci gaba da tafiya, domin ba abin da ya riƙe ta. Misalinsa direban da ya sa wa motarsa sabon burki mai kamawa, ya taka shi da ƙarfi alhali fasinjansa bai ɗaura bel ba. Babban yatsa yakan daki gaban takalmi har farce ya yi baƙi, dunduniya ta ɗaga, idon sawu ya gurɗe, gwiwa ta karɓi murɗawar da takalmi ya kamata ya shanye.

Takalmin da aka yi musamman don kurket an gina shi ne a kan wannan matsala. Tafinsa yana da faɗi da tauri, yana kusa da ƙasa. Dunduniyarsa tana da ƙoƙo mai ƙarfi, samansa fata ce ko makamanciyarta, na masu jifa da ƙarfi kuma sau da yawa yana da maɗauri a kan gadon ƙafa. Ana ƙarfafa gabansa saboda ƙafar baya da ake ja a ƙasa bayan an saki ƙwallo, jan da ke yaga raga cikin 'yan makonni. Ramukan ƙusoshinsa, galibi bakwai a gaba huɗu a dunduniya, tare da tafin aka zuba su a masana'anta. Mai bugu ma yana da nasa dalilin. Akwai salon jifa da ake auna yatsun ƙafarsa da gangan, wanda Waqar Younis na Pakistan da Lasith Malinga na Siri Lanka suka shahara da shi. Wanda ya tari irin wannan ƙwallo da kambas na raga ya san bambancin raga da fata.

Masu kare dabarar suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Babbar hujjarsu ita ce ƙwararru ma suna yi. Gaskiya ne: manyan masu jifa da dama sun daɗe suna kai takalmansu a sauya musu tafi. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙwararren yakan zaɓi takalmin da tun asali aka yi don motsin gefe da tsayawar ba-zata, irin na tanis ko na atisayen zaure, mai ƙasa da tauri. Yana da likitan ƙafa da ya auna sawunsa, da gwanin baduku da ya san aikin, da kamfanin da ke ba shi takalma ƙafa-ƙafa yana sauyawa da zarar ɗaya ta gaji. Ɗan kulob ɗin ƙauye kuwa yakan ɗauko kambas ɗin da ya riga ya yi tseren safe da shi wata shida. Masu ƙera irin waɗannan takalma kansu suna ba da shawarar a sauya su bayan kilomita 500 zuwa 800, domin sosan yana mutuwa. Sabuwar ƙusa a ƙarƙashin mataccen soso kwalliya ce kawai.

Akwai ma abin da ƙwararrun ke koyarwa wanda masu kwaikwayo ba sa lura da shi. A watan Disamba na 2020, a wasan Indiya da Ostireliya a Adelaide, kyamarori sun nuna takalmin hagu na Mohammed Shami da rami a wajen babban yatsa. Da gangan aka huda shi, kuma tsohuwar al'ada ce a tsakanin masu jifa da ƙarfi, don yatsa ya sami wurin fita maimakon ya riƙa dukan bango. Idan ƙafa tana zamewa haka a cikin takalmin da aka tsara don riƙe ta, mai karatu na iya ƙiyasta abin da take yi a cikin wanda ba a tsara ba.

Hujja ta biyu ita ce daɗi: takalman kurket suna da nauyi da tauri, wasa kuma yakan ɗauki awa shida ana tsaye. A nan kamfanoni suna da laifinsu. Kasuwar kurket ƙarama ce idan aka gwada ta da ta gudu ko ta ƙwallon ƙafa, shi ya sa suka daɗe suna sayar da 'yan samfura kaɗan, masu faɗin ƙafa kuma suna shan wahalar samun daidai da su. Wannan koke ne na gaskiya. Amma Asics da New Balance da Adidas yanzu suna yin takalman kurket marasa nauyi da suka ari fasahar takalman gudu, tare da barin taurin a inda ake buƙatarsa. Daɗin da ake ji a kanti cikin minti biyar kuma ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne yadda idon sawu da gwiwa suka wayi gari ranar Lahadi bayan wasan Asabar.

Hujja ta uku, wato araha, ita ce mafi rauni. Wanda ya sayi kambas mai kyau, ya biya ladan sauya tafi, ya biya kuɗin aikawa da dawowa, sau da yawa ya kashe abin da ya kai ko ya wuce farashin takalmin kurket matsakaici. Ya kuma rasa garantin kamfani tun ranar da aka kankare robar, ya rasa takalmin gudunsa, abin da ya rage masa shi ne tafin da gam kaɗai ke riƙe da shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Ingila. Araha ba ta ado, balle wadda ba arahar ba ce.

Abin da ya sa maganar ta wuce gardamar masu sha'awar kaya shi ne jikin matasa. Jifa da ƙarfi yana daga cikin ayyukan da suka fi cin jiki a wasanni, kuma tsagewar ƙashin baya sananniyar cuta ce a cikinsa. Pat Cummins ya fara buga wa Ostireliya babban wasa a Johannesburg a 2011 yana ɗan shekara 18, raunin ƙafa da na baya suka hana shi buga na biyu sai a 2017. Ba takalmi ne ya jawo masa ba; yawan jifa da ƙashin da bai gama ƙwari ba su ne manyan dalilan irin wannan rauni, shi ya sa hukumar kurket ta Ingila da Wales ta ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a yini. Darasin shi ne jikin da yake a bakin iyakarsa ba ya buƙatar ƙarin kasada. Uban da ke ƙirga wa ɗansa jifa sannan ya tura shi fili da kambas mai ƙusa ya kulle ƙofa ya bar taga a buɗe.

Ƙusar ma ba ko'ina take da amfani ba. A kan filin roba ko siminti da aka shimfiɗa wa kafet ana hana ƙusar ƙarfe, domin tana yaga shimfiɗar, tana kuma sa mai ita santsi. Wannan ya shafi Nijeriya, inda kurket ke samun sabon tagomashi, har 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya a Janairun 2025, amma inda yawancin atisaye a kan irin wannan shimfiɗa ake yi. Yaron da ke koyo a can takalmin kurket mai ƙasan roba yake buƙata, ko na tanis mai tauri idan wancan bai samu ba.

Sauya tafi yana da wurinsa: ga wanda siffar ƙafarsa ta ƙi kowane takalmin kanti, wanda likitan ƙafa ya duba, ya zaɓi sabon takalmi mai ƙasa da tauri, ya kai wa gwanin da ya saba da aikin. Waɗannan tsiraru ne. Sauran, da iyayen da ke saya wa 'ya'yansu, su je kanti da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, su gwada takalmin kurket da safar da za a yi wasa da ita, su murɗa shi da hannu su ga ko yana turjewa, su bar kambas ya ci gaba da aikin da aka yi shi dominsa a kan titi.