"AI KAMAR ƊA KAKE A GIDAN NAN"

Jama'a, akwai wata magana da nake ganin ta cuci matasanmu ba kaɗan ba, ita ce "ai kamar ɗa kake a gidan nan". Duk wanda ya taɓa aiki a shagon wani Alhaji, ko gidan burodi, ko gidan ruwan leda, ko gidan mai, ko makarantar kuɗi ta iyali, ya san ta. Ana faɗa maka ita ranar da aka ɗauke ka, don kada ka tambayi nawa ne albashi. Ana maimaita ta ranar da wata ya mutu ba a biya ka ba. Amma ranar rabon riba, ko ranar raba kujerun Makka, ko ranar rabon gado, wallahi babu mai tuna cewa kai ɗa ne.

Ni yau ba zan ce wa kowa ya yi haƙuri ba. Masu cewa a yi haƙuri sun yi yawa, kuma na lura kullum wanda aka zalunta suke ba wa haƙurin. Ba su taɓa zuwa wajen mai zagin su ce ya ji tsoron Allah ba.

Mugun shugaba akwai shi ko'ina, amma na kasuwancin iyali ya fi wuyar sha'ani. A banki ko babban kamfani, idan manaja ya ci mutuncinka akwai ofishin kula da ma'aikata, akwai wanda ke sama da shi, ana iya yi masa canjin wurin aiki. A kasuwancin iyali fa? Alhaji ne mai dukiya, babban ɗansa ne manaja, ƙanin amarya ne akanta, ɗan ƙanwarsa ke riƙe da makullin sito. To ƙarar wa za ka kai, kuma wajen wa? Ka ce wa uba ɗansa ya zage ka? Ko ya saurare ka da rana, da dare tare za su ci tuwo.

Ga kuma rigimar cikin gida da ke biyo mutane har shago. 'Yan uba na takun saƙa a kan wanda zai gaji kujera, ɗakin uwargida na hararar ɗakin amarya, kai da ka zo neman na abinci sai ka tsinci kanka a tsakiya. Wannan ya ce ka kai kaya, wancan ya ce wa ya sa ka. Alhaji ya ji haushin ɗansa da ya yi ɓarna, ba zai iya zagin sa gaban mutane ba, sai ya sauke a kanka. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni kaina na yi shekara uku a irin wannan wuri, ba zan kama suna ba. Abin da na gani da idona: magidanci mai 'ya'ya huɗu, yaron da bai kai sa'ar ƙaninsa ba yana ɗura masa ashar gaban masu sayayya saboda ya makara da minti goma. An ɗauke ka aikin shago, amma kai ne kai yara makaranta, kai ne cefanen Hajiya, kai ne wanke mota ranar Lahadi. Kwali ya fashe a hannun ɗan gida, a cire a albashinka. Ba ka da lafiya, a ce lalaci ne. 'Yan matan da ke aiki a irin waɗannan wurare kuwa nasu ya fi muni, don idan ɗan mai gida ya fara damun yarinya, ita za a kora, a kuma ɓata mata suna a unguwa.

Babban ƙulli shi ne maganar sallama. Yaro zai yi shekara goma, sha biyar yana bauta babu tsayayyen albashi, a kan alƙawarin baki cewa wata rana za a buɗe masa shago. Ya ƙi karatu, ya jinkirta aure. Lokaci na matsowa sai a ce lissafi bai cika ba, a ɗora masa sata, a kira 'yan sanda. Ya fita da kayan jikinsa da baƙin suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ku shiga Sabon Gari ku ga yadda 'yan kasuwar Ibo ke yi da yaransu. Tun ranar farko ake yanke shekarun da yaro zai yi, gaban iyayensa da shaidu, kuma ubangidan da ya ƙi sallamar yaronsa shi ke jin kunya a garinsu. Su ma akwai masu cin amana, amma aƙalla akwai ƙa'idar da kowa ya sani. Mu ma fa muna da wannan tarihi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da ba wa yaransa da wakilansa jari ya shimfiɗa kasuwancinsa na goro da gyaɗa. Har gobe a Kantin Kwari da Singa da Dawanau akwai bayin Allah da suka tsayar da yara da yawa da ƙafafunsu, Allah Ya saka musu da alheri. Ba da su nake ba. Ina magana ne da waɗanda suka riƙe sunan al'adar suka jefar da amanarta.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Yaran yanzu ba su da amana." Gaskiya ne akwai yaran da ke yi wa iyayen gidansu ta'asa, kuma sata sata ce, babu albashin da ƙanƙantarsa ke halatta ta. Amma maganin sata rubutu ne da ƙidayar kaya da lissafi a fili. Mari bai taɓa cike giɓin lissafi ba. Wasu kuma za su ce, "Ai taimakonsa ya yi da ya ba shi aiki." Haba! Wanda ke buɗe maka shago ƙarfe bakwai na safe ya rufe tara na dare, kai kana gida kana hutawa, wa ke taimakon wa?

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan kusan duk waɗannan abubuwa. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda. Akwai hutun yini ɗaya a kowane kwana bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan wata goma sha biyu, da hutun jinya har kwana goma sha biyu a shekara idan likita ya tabbatar. Sashe na 5 ya hana mai aiki cin tarar ma'aikaci daga albashinsa yadda ya ga dama. Sashe na 11 ya ce wanda ya kai shekara biyar yana aiki sai an ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunan kasuwanninmu sun fita. Sannan sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya cire iyalin mai aiki daga ma'anar "ma'aikaci". Kun ga ke nan wanda ke yi wa ɗan gidansu aiki ya fi bare zama cikin haɗari: doka ta ja baya, dangi kuma sun ce kada ya ɓata zumunci. Shi ya sa nake cewa takarda ita ce gatan talaka. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohi, tana sauraron rigimar aiki ko da ta ɗan ƙaramin wuri ce, amma hujja take nema, ba rantsuwa da hawaye ba.

To ɗan'uwana da ke cikin wannan hali yanzu, ga abin da zan ce maka.

Ka fara rubutu daga yau. Ranar da aka biya ka, nawa aka ba ka, nawa aka cire, me aka ce dalili. Ka roƙi a riƙa tura maka albashi ta banki, ko ta waya, don ya bar sawu. Alƙawarin sallama kuwa, ka nemi mahaifinka ko wani babba naka ya je a zauna, a faɗi shekara, a faɗi abin da za a bayar, gaban shaidu, a sa hannu. Ubangidan da ya ji haushi don ka nemi a rubuta, ya riga ya ba ka amsa.

Kada ka rama zagi, kuma kada ka kuskura ka ɗauki ko sisi da sunan haƙƙinka ne ka cira. Ranar da ka yi haka ka ba su wuƙar da za su yanka ka da ita. Kada ka zama ɗan rahoton wani ɗaki a kan wani, domin ranar da suka shirya kai ne munafukin.

Ka nemi wanda yake jin nauyinsa: shugaban layinku a kasuwa, limamin masallacinsa, yayansa, ko abokin cinikin da ba ya son ya ji kunya a gabansa. Irin waɗannan mutane sun fi tsoron zubewar girma a kan komai. Idan abin ya kai ga duka, wannan ya wuce rigimar aiki, laifi ne. Ka je asibiti a rubuta, ka kai ƙara. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, akwai hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Sannan ka shirya fita tun kafin a kore ka. Ka shiga adashe, ka san diloli, ka koyi sirrin sana'ar, ka riƙe mutuncinka da masu sayayya, domin wannan jari ne da babu mai ƙwace maka. Ranar tafiya kada ka yi zuciya ka jefar da makulli. A ƙirga kaya gaban shaidu, a sa hannu cewa ka miƙa komai cif, sannan ka yi sallama.

Iyaye kuma, don Allah ku daina mayar da yaro wurin da ake wulaƙanta shi kuna cewa "je ka ba shi haƙuri" ba tare da kun ji ta bakinsa ba. Kuna koya masa cewa talaka ba shi da mutunci.

Ku kuma Alhazai, kun fi ni sanin cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Kun san gargaɗin da ya zo a kan wanda ya sa mutum aiki, aka gama masa, ya hana lada. Umara duk azumi ba ta goge albashin wata uku da ke wuyanka. Idan da gaske kamar ɗa yake a gidanka, ka yi masa abin da kake yi wa ɗanka. Idan ba za ka iya ba, ka kira shi ma'aikaci, ka rubuta masa takarda, ka biya shi a kan lokaci, ka kuma hana 'ya'yanka zagin sa.

Allah Ya ba mu iyayen gida masu tausayi da yara masu amana. Wanda ya san yana da ƙani ko ɗa a irin wannan wuri, ya tura masa wannan.