KIFIN DALA DUBU TALATIN DA KIFIN KOGIN CALAWA

Jama'a, akwai wani ɗan kifi a can cikin tekun Fasifik wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, jikinsa da ratsin ja da fari kamar alewa. An fara gano shi a gefen tsibirin Rarotonga, masana kuma suka yi masa suna, suka rubuta siffarsa a 1992. Ba a cin sa, ba a magani da shi, ba a yi wa amarya gara da shi. Amma a 2012, lokacin da aka kai guda ɗaya gidan kallon kifi na Waikiki a Hawai, an ruwaito cewa masu sha'awa sun taya shi dala 30,000. Kifi ɗaya tak. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya juya wannan kuɗi zuwa naira da kansa, sa'an nan ya kwatanta da albashin malamin da ke koya masa nahawu. Abin da zai yi da kifin kuwa shi ne ya saka shi cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri a falonsa, ya zauna yana kallo, baƙi su zo su yi ta mamaki.

To, me ya kawo wannan tsada? Kifin yana zaune ne a zurfin da ya kama daga mita hamsin da 'yan kai har zuwa fiye da mita ɗari. Duk mita goma da mutum ya nutsa, ruwa yana ƙara danne shi da nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, watau a mita ɗari dannewar ta ninka sau goma sha ɗaya ke nan. Mai nutso ba ya iya shaƙar iskar da muka saba da ita a can, sai an gauraya masa da wata iska mai suna hiliyam. Yakan yi 'yan mintoci a ƙasa yana farauta, sa'an nan ya shafe sa'o'i yana hawowa kaɗan-kaɗan, domin in ya yi garaje iska za ta tsattsafo cikin jininsa kamar an buɗe kwalbar lemo. Richard Pyle, masanin da ya yi suna a wannan sana'a, ya taɓa shanyewa na wani lokaci a Palau a 1986 saboda irin wannan gaggawa. Shi ma kifin yana da wata jakar iska a cikinsa wadda ke kumbura in an ɗago shi da sauri, har ta turo kayan cikinsa ta baki. Saboda haka ko dai a huda jakar da allura, ko a saka shi cikin wata tukunya ta musamman mai riƙe nauyin ruwa, irin wadda masanan Kalifoniya suka bayyana a 2018, a riƙa sassauta masa a hankali har kwana biyu ko uku. Ku ji fa, kwana uku ana lallashin kifi kada ya ji ciwo.

Kada a ɗauka duk cinikin haka yake da tausayi. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ce a wancan lokaci ana cinikin kifayen teku na ado tsakanin miliyan 20 da miliyan 24 a kowace shekara, daga jinsi 1,471. Mafi yawansu talakawan masunta ne ke kamo su a Filifin da Indunusiya, kuma tun shekarun 1960 wasu ke fesa gubar sayanaid cikin ramukan murjani don kifin ya suma a ɗauke shi da hannu. Wanda ya farfaɗo a sayar, wanda bai farfaɗo ba a bar shi, murjanin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma kuwa ya mutu. Akwai wani ɗan kifi na tsibiran Banggai wanda namijinsa ke renon ƙwai a baki, kusan yadda karfasarmu ke yi, an yi ta kwasar sa har a 2007 aka saka shi cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A Hawai sai da magana ta kai Kotun Ƙolin jihar, wadda a 2017 ta ce a dakata da kamun har a binciki ɓarnar da yake yi.

Na san a nan da yawa daga cikinmu za su girgiza kai su ce, "Kai, Turawa da almubazzaranci!" su juya shafi. Ni ma ba na yabon mutumin da zai zuba dukiyar da za ta haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi a kan abin kallo. Amma ba don mu yi wa Bature dariya na kawo wannan labari ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi wancan, ko da son zuciya ne ya kai shi, ya san kifi yana da daraja, har yana biya a kamo masa shi da rai. Mu nan Kano muna kashe namu kyauta, ba don ci ba, ba don kallo ba, ba kuma wanda ya taɓa ƙirga gawar.

Ga yadda abin yake. Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai, Sharaɗa da Calawa. Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su zarce madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Calawa. Na unguwar Calawa kuwa, da ke Ƙaramar Hukumar Kumbotso, ba shi da nisan tafiya, kogin na nan a bakin ƙofa. Daga nan kogin Calawa ya haɗu da kogin Kano, su bi ta Wudil, su zama kogin Haɗejiya, su nufi fadamun Haɗejiya da Nguru. Masaƙu da dama sun rufe tun daga shekarun 1990, amma kamfanonin jima suna nan, kuma jimar zamani ba irin ta kakanninmu ba ce. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, da toka, da ita aka jeme jar fatar akuyar da ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Jimar kamfani kuwa da farar ƙasa ake yin ta, da sinadarin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda ke tuge gashi, da gishirin kuromiyam mai mayar da fata shuɗiya-shuɗiya. Idan aka saki wannan ruwa ba a tace ba, naman da aka kankare da kitse suna ruɓewa su cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, salfaid ya kashe na kusa, kuromiyam kuwa ya kwanta cikin laka ya yi zamansa, domin ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha. A bakin wannan kogi ne matatun ruwa na Calawa da Tamburawa suke, waɗanda ke shayar da birni. A bakin Getsi da Jakara ne kuma ake noman latas da kabeji da karas da muke saye a ƙulla mana a leda.

Za a ce mini ai akwai doka. Lalle akwai, har ta yi yawa. Bayan da aka gano tarin sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA da Doka ta 58 ta wannan shekarar. A 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 hukumar NESREA ta gaji aikin, a 2009 kuma aka yi ƙa'ida ta musamman a kan masaƙu da kamfanonin fata. Haka nan dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta zuba guba a ruwa don kamun kifi. Watau masuncin da ya zuba gamalin ko majimfa a tafki mai laifi ne, kuma ya cancanci hukunci, ban musa ba. To amma wanda ya shimfiɗa bututu ya nufi kogi da shi shekara da shekaru fa? Shi wane suna za mu ba shi? Mun yi fushi da Baturen Italiya da ya kawo mana guba a jirgin ruwa, muka yi doka a cikin watanni, ga shi kuwa tamu gubar ta gida tana kwarara da rana tsaka.

Babbar hujjar masu kare wannan hali ita ce aiki. Su ce kamfanonin nan suna ciyar da dubban magidanta, fata tana kawo wa ƙasa kuɗin waje, in an matsa musu za su rufe kamar yadda masaƙu suka rufe, sai mu ga wanda zai ɗauki 'yan Fanshekara da Kumbotso aiki. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya ga yadda rufe masaƙu ya talauta gidaje a Kano da Kaduna ba zai yi wasa da ita ba. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba wanda ya ce a rufe. Ita kanta Italiya, wadda ke sayen fatunmu, tana da garuruwan jima irin su Arzignano da Santa Croce, inda kamfanoni suka haɗa kai suka gina matatar ruwan datti ta tarayya, kowa yana biyan kasonsa gwargwadon abin da ya zubar. Kuromiyam ɗin ma ana iya tsamo shi daga ruwan a sake aiki da shi. Abin da ya karya masaƙunmu kuwa rashin wutar lantarki ne da kwararowar atamfar waje, ba kuɗin tace ruwa ba. Sa'an nan shi masunci ba magidanci ba ne? Mai bandar kifi fa, da mai saƙar koma, da mai sassaƙa kwale-kwale, da matar da ke suya a bakin titi? Su ba a rubuta sunansu a rajistar ma'aikata, shi ya sa in sana'arsu ta mutu ba mai ƙirga ta cikin asara. Kuɗin tace ruwan da mai kamfani ya ƙi biya bai ɓace ba, an dai mayar da shi kan waɗannan bayin Allah ne, su biya da abincinsu da lafiyar 'ya'yansu.

Yanzu bari in juyo gida, domin mu ma 'yan jami'a ba mu fita ba. Shekaru da dama ke nan malamai da ɗaliban sassan kimiyya suna ɗebo ruwan Calawa da na Jakara a kwalabe, suna auna ƙarafan da ke ciki, suna rubuta kundaye. An ci jarrabawa da su, an sami ƙarin girma da su. Da wane harshe aka rubuta su? Da Ingilishi, a mujallun da manomin bakin Getsi ba zai taɓa gani ba. Mu kuma na sashen Hausa muna can muna gardamar ko a raba "shi ne" ko a haɗe, alhali ga ilmin da ya shafi ran mutanenmu yana kwance a kan kanta yana shan ƙura. Wa ya fi mu cancantar mayar da shi Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa limamai da masu unguwanni da sarakunan ruwa?

Akwai kuma asarar da ta shafe mu kai tsaye. Ku tambayi ɗalibai goma a ajinku su bambanta muku kurungu da ragon ruwa, ko tsage da kawara, ko su faɗi abin da minjirya ke yi wa wanda ya taɓa ta. Ku tambaye su don me ake ce wa mai cin uwar kuɗinsa yana zaman gaiwa, ko me ya sa ake kwatanta mai kumburin banza da talibambam. Yawancinsu sukumbiyar ƙanƙara suka sani, wadda ake kawowa daga tekun Turai, sai tarwaɗar da ake kiwo a tankin siminti. Bargery ya tara sunayen kifaye a ƙamusunsa na 1934, Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga littafi guda a kan kifayenmu a 1967. In muka yi sake, a can kaɗai jikokinmu za su gamu da waɗannan sunaye, domin kalma ba ta daɗewa a baki bayan abin da take nufi ya bar ruwa, kuma karin maganar da ke rataye da ita tare suke tafiya. Abin takaici, irin su talibambam da kurungu da minjirya suna cikin kifayen da ake tattarawa a Nijeriya a tura Turai da Amurka ta jirgin sama don ado. Ba mamaki nan gaba ɗan Kano ya fara ganin talibambam a akwatin gilashin wani Bajamushe, a tambaye shi sunansa da Hausa ya yi zuru.

Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu da abu uku. Na farko, a kafa kwamitin da zai zauna da 'yan'uwanmu na kimiyya, a fassara sakamakon bincikensu a kan waɗannan koguna da Hausar da kowa zai gane, a buga a wannan mujalla, a kai gidajen rediyo. Na biyu, malamanmu su tura masu rubuta kundin digiri wurin masuntan Tamburawa da Wudil da Wasai, su naɗo sunayen kifaye da kayan su da kirarin sana'ar tun dattawan suna raye, su kuma tambaye su wane kifi suka daina gani da kuma tun yaushe. Na uku, ƙungiya ta rubuta wa Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da hukumar NESREA takarda, a nemi su bayyana wa jama'a kamfani nawa ne ke da matata mai aiki a Bompai da Sharaɗa da Calawa, da abin da aka yi wa waɗanda ba su da ita. In sun amsa mu buga amsar, in sun yi shiru mu buga cewa sun yi shiru.

Wanda ya ga laifina a wannan magana, shafin mujalla a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar mu ji. Allah ya ba mu ikon gyarawa.