Ba kowane gyara ba ne kwaskwarima

Larabawa sun rarrabe aikin gyara. Tas'hihi shi ne daidaita kuskuren rubutu, islahi gyaran abin da ya lalace a hali ko a al'umma, tahƙiƙi kuwa aikin malamin da ke jera tsofaffin kwafe-kwafen littafi yana neman ainihin abin da marubucin ya faɗa. Duba gefen tsohon littafi rubutun hannu: inda mai kwafa ya maido kalmar da ya tsallake, sai ya ɗiga "sahha" kusa da ita, shaidar cewa an tabbatar. Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba. Muna da kwaskwarima, da gyaran fuska, da garambawul, har ɗan ƙarin da mai gyaɗa ke zuba maka bayan awo gyara ne. Matsalar tana wajen 'yan jarida. A 2023 an sauya kundin tsarin mulkin Najeriya, aka ba jihohi ikon samar da wutar lantarki da shimfiɗa layin dogo, amma sai ka ji ana cewa an yi masa kwaskwarima, kamar hoda aka shafa masa. Wannan ya wuce kwaskwarima nesa ba kusa ba. Editoci, ku riƙa auna girman aiki kafin ku raɗa masa suna.