A Shata Burtali Kafin A Zuba Kwalta

Duk inda aka zauna maganar makomar gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi a Nijar, da kwalta ake rufe taro. A ja ta gabas zuwa Belbeji, a ja ta yamma zuwa Keita, arziki zai biyo ta da kansa. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin tun da aka shimfiɗa hanyar Tibiri zuwa Dakoro ta Kornaka da tallafin Bankin Raya Afirka, zuwa Maraɗi ya daina zama azaba. Abin da na ƙi shi ne a riƙa zana sababbin hanyoyi kamar mota ce kaɗai ke tafiya a ƙasar nan, alhali garke ya fi kowa yawan tafiya, kuma hanyarsa, wato burtali, tana mutuwa muna kallo.

Dakoro tana zaune ne daidai inda gona ke ƙarewa kiwo ya fara. Dokar 1961 ta ja iyakar noma ta wajen kwarin Tarka, ta bar arewa ga makiyaya. Da damina dabbobi su hau arewa, bayan girbi su gangaro kudu, wasu har Najeriya, kuma dole su ratsa gonaki. To amma mutane sun ƙaru. Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum dubu 600 a gundumar, bayan ma an cire Bermo a 2011. Farin 1973 da na 1984 sun tura manoma ƙetare iyakar, a kudu kuma an daina barin saura. Ba a rana ɗaya ake cinye burtali ba. Bana mai gonar dama ya ƙara kunya biyu, baɗi na hagu ya rama, har wurin da garke ke wucewa a baje ya koma siririyar hanya, shanu na bin juna ɗaya bayan ɗaya, yaro da sanda yana ta kai da komo don kada wata ta miƙa wuya ta fizgi kan gero. Kai ɗaya na gero ya isa a zaro takobi. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a 1991 aka kashe sama da mutum ɗari, akasarinsu mata da yaran Fulani.

A kan wannan matsi ne ake son ɗora kwalta ba tare da an shata komai ba. Da zarar labarin hanya ya fita, filin bakinta ya yi daraja, masu kuɗin birni su fara saye, ƙauyuka su matso, a yanka filaye har bakin tabki. Ƙasar da aka fi saurin haɗiyewa ita ce wadda ba ta da mai takarda, watau makiyaya da mashaya da burtali. In kuma injiniya ya ɗaga hanya ya tsaga magudana ba tare da ya san inda garke ke tsallakawa ba, ya datse tafiyar da ta girmi kakansa.

Za a ce mai naƙuda ba ta jiran burtali, asibiti take nema. Gaskiya ne, kuma wannan hujja ce mai nauyi. Sai dai mai naƙudar Azagor ko Tagris ba a kan babbar hanya take shan wahala ba, a cikin rairayin da ke tsakanin ƙauyenta da babbar hanyar ne, bisa amalanke. Kuɗin kilomita ɗaya na kwalta zai gyara kilomitoci da dama na hanyar jar ƙasa, kuma ita ce ke kai mara lafiya likita, ta kai wake da gero kasuwa. Wasu kuma su ce yawon kiwo tsohon yayi ne, a killace dabbobi. A killace su da wace ciyawa? Ruwan arewa bana ya zuba nan, baɗi can, tafiya ce kaɗai ke mayar da ciyawarsa nama da nono, kuma dabbobi na cikin manyan abubuwan da Nijar ke sayarwa waje. Manyan motocin da ake wa kwaltar ma, da ragunan da suka biyo burtali suke cika.

Doka kam akwai ta. Kundin tsarin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, dokar kiwo ta 2010 ta ce kai da komo haƙƙin makiyayi ne, shirin PASEL na ƙasar Suwis ya kafa turakun siminti a burtalai da dama na jihar. Amma turke ba ya tsare kansa, ana tumɓuke shi da dare, Kofo kuma sau da yawa ba ta da ko kuɗin man babur. Saboda haka duk kwangilar hanya a Dakoro ta fara da zaman Kofo da sarakuna da arɗo-arɗo da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, a auna burtalan da hanyar za ta ratsa, a rubuta su, a kafa musu turaku da mashigai da kuɗin aikin kansa, kafin motar farko ta juye tsakuwa.