Bashi hanji ne, yana cikin kowa

 Abin da na kawo muku wannan karon a ƙungiyarmu ya faru, kuma laifin farko a cikinsa nawa ne.

Bana, wata uku kafin Layya, wata ƴar ƙungiyarmu ta ɗauki bashin jikka 30 a asusu. Ta ce ɗan rago za ta saya ta ɗaure a turke, in Layya ta matso ta sayar ta biya. Ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda sunka sani sun sani. Lokacin biya ya yi, ba ta zo taro ba. Sati na biyu ma shiru. Sati na uku sai ga ta, ta raɓe a bakin tabarma, ko zubi babu a hannunta. Ni kuwa na buɗe littafi na karanta sunanta da kuɗin da ƙarfi, har na ƙara da nawa: "Wadda ta san ba ta iya biya, mi ya kai ta ɗauka?" Ba ta ce uffan ba. Ta ja mayafinta ta tashi.

Bayan magariba sai ga dattijuwarmu mai riƙon makulli ɗaya ta yi sallama a gidana. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ke ɗiyata, kin tambaye ta ina ragon?" Na ce, "A'a, Inna." Ashe ɗanta ne ya kwanta, anka tura su Maradi, tafiyar fiye da kilomita 100. Maigidanta yana cirani, waya ba ta shiga. Kuɗin mota, kuɗin magani, abincin mai jinya, duk a wuyanta. Ta sayar da ragon tun bai yi ƙiba ba, a yadda mai saye ya ga dama. Kunya ce ta hana ta faɗi. Daren nan ban yi barci ba.

Kada wata ta ɗauka ina cewa a bar doka. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jiharmu ta Maradi, abin da ya riƙe shi har ya bazu zuwa wasu ƙasashe shi ne doka: akwati mai kwaɗo uku, makulli a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Iyayenmu da sunka fara ba su iya rubutu ba, a ka suke riƙe lissafi, amma dala ba ta ɓacewa. Kuma duk wadda ta ga 2005 ta san mi akwatin nan yake. Fara ta ci gonaki a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, tiyar hatsi ta gagari talaka. Lokacin ina da goyon fari, na ga layin mata da yara masu tamowa a cibiyar MSF a nan Dakoro. Kuɗin da ke cikin akwatinmu na mai tuyar ƙosai ne, da mai man gyaɗa, da mai dakau. Amana ce. Ni shugaba ba ni da ikon in yafe ko dala ɗaya daga ciki.

To, nan ne kaina ya ɗaure. Na tambayi malamin da ke yi mana karatun dare. Ya ce ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, tana umurni a rubuta shi. Sai na ji daɗi, na ce to ai littafina yana kan hanya. Ya ce in dakata, in koma baya kaɗan: aya ta 280 ta yi umurni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ashe ni rabin karatun na ɗauka.

A taron da ya biyo munka yi magana mai zafi. Ma'ajiyarmu ta ce, "Yau in munka sassauta mata, gobe kowa sai ta ce ɗanta ba lafiya." Wallahi ban ga laifinta ba, ita ke ƙidayar kuɗin. Daga ƙarshe ga abin da munka tsaida. Tarar rashin zuwa da ɗan abin da ake ɗorawa a kan bashi, anka yafe su da yardar kowa. Asusun taimako ya ba da jikka 5, wanda dama haƙƙinta ne da ta yi magana tun farko. Mata goma sunka kwance bakin zane, kowacce dala 100, wata jikka 5 ke nan. Sauran jikka 20 za ta riƙa biyan jikka 2 kowane wata, ta gama kafin rabo. Uwar kuɗi ba a taɓa ta ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne tashi tsaye. A gaban tabarmar da na kunyata ta, nan na ce, "Ƙanwata, na yi miki ba daidai ba, ki gafarce ni." Ƙafafuna har rawa suke. Ta ce, "Ba komi, Yaya, Allah shi yafe mu duka." Na yi yaƙi da jahilci, na iya biro da littafi, ina ta alfahari da su, amma wannan karatun a ranar na fara shi.

Ba zan ɓoye muku ba, abin bai tafi sumul ba. Mace ɗaya ta fita daga ƙungiya, ta ce an yi son kai. Wata kuma ta yi jinkirin biya ta kawo wannan a matsayin hujja. Da munka bincika, kayan biki ta saya, ita kam ta biya tararta cif. Shi ya sa munka ƙara doka ɗaya: duk wadda ta yi sati biyu ba ta biya ba, mata biyu za su same ta a ɗakinta su ji dalili, kafin a kira sunanta a taro. Ina son ƙungiyoyin Kornaka, Birnin Lalle da Sabon Mashi su aiko mana yadda suke yi in irin wannan ta taso, mu buga a fitowa ta gaba.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Uwarsa ta biya jikka 8, saura 12. Tana zuwa taro, tana gaishe ni da ladabi, sai dai har yanzu ba ta koma zama kusa da ni yadda ta saba ba.